Kayan kashe gobarar da aka saka wa wata makaranta a Jos don sadaka ga marigayi: abin da ya yi kyau da abin da ya rage

A wata unguwa da ke bayan titin Bauchi a Jos akwai makarantar al'umma da duk wanda ya yi karatu a cikinta ya san wani dattijo da kowa ke kira Baba. Ba malami ba ne, ba kuma shi ne maigadi ba. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar iyaye da malamai. Da safe yana bakin titi yana ɗaga wa masu Keke hannu har yara su gama tsallakawa. Da yamma ya zaga ajujuwa da 'yar tocilarsa, yana taɓa soket da bayan hannu ya ji ko ya ɗau zafi, yana ɗaga katifun 'yan hadda ko wani ya ɓoye hita. 'Ya'yansa da jikokinsa duk nan suka yi karatu, kuma bai taɓa bambanta su da na maƙwabta ba, ko wajen faɗa ko wajen kyauta. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Da aka share makoki, 'ya'yan suka zauna da mahaifiyarsu kan abin da za a yi masa na sadaka mai gudana. Wani ya kawo maganar rijiyar burtsatse, wani ya ce a buga kalanda. Hajiya ta ce, "Babanku bai taɓa barci da ido biyu rufe ba idan sanyi ya shigo, saboda yaran nan da garwashi. Ku yi abin da zai kwantar masa da hankali da yana raye." A kan haka aka ba wani shagon kayan kariya da ke wajen Terminus aikin saka wa makarantar kayan kashe gobara. Aikin wannan shago muka duba, tun daga zuwansu na farko har ranar da suka koya wa malamai amfani da kayan.

Hukuncinmu a taƙaice: kayansu na gaske ne, kuma wajen cika tukunyar kashe gobara samun kamarsu sai an tona. Amma wajen zaɓen girman tukunya, da kafawa, da koyarwa, aikin rabi ne. Sannan akwai babban giɓi ɗaya da ba su ko ɗaga ido sun kalla ba, wato ƙofofi da tagogi.

Wanda bai zauna a Jos ba zai iya cewa an cika zuzuta lamarin. Garin yana kan tudu sama da mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba yakan sa yaro ya yi duk abin da aka hana shi don ya sami ruwan ɗumi. Nan ake shigo da kasko ɗaki, nan ake jona hita a soket ɗin da aka yi don cajin waya, ga hunturu ya busar da komai ƙayau. Kowane ɗan Jos ya san yadda gobara ta cinye babbar kasuwar Terminus a Fabrairun 2002. A Fabrairun 2025 kuma gobarar dare ta ci almajirai 17 a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, an yi umarni kada a bar wuta a gida idan za a kwanta.

Makarantar bene ce, aji huɗu a ƙasa, huɗu a sama, matakala ɗaya. Akwai ofishin hedimasta da ɗakin kwamfuta a jikinsa, ɗakin kwana biyu na 'yan hadda, kicin, da 'yar rumfar janareto a baya. Shagon ya kawo tukunyar hoda mai kilo 9 guda shida, tukunyar iskar kabon mai kilo 5 guda biyu, bargon kashe wuta ɗaya, ƙararrawar hayaƙi shida, bokitin yashi huɗu, da akwatin agajin gaggawa.

Abin yabo na farko shi ne ba su faɗi kuɗi ba sai da suka zo suka gani. Da yawa cikin masu wannan sana'a tambaya ɗaya suke yi a waya, guda nawa kuke so. Waɗannan sun zo da tef, sun auna baranda, sun tsara yadda ba wanda zai yi tafiyar da ta wuce mita 30 kafin hannunsa ya kai kan tukunya, wanda shi ne iyakar da ƙa'idar Ingila ta gindaya. Kowane hawa na benen ya sami biyu, ɗaya a bakin matakala, ɗaya a ƙarshen baranda.

Tukwanen hodar ba su da abin kushewa ta fuskar inganci. Shekarar ƙira a buge take a jikin ƙarfen, ba a takardar manne kawai ba, kuma sababbi ne, ba tsofaffin da aka fesa wa jan fenti ba. Mai saye ya riƙa shafa gindin tukunya da wuyanta, domin a nan tsatsa da ƙurajen sabon fenti suke tona asiri. Allurar agogon da ke nuna matsin kowace tana cikin kore, fil ɗin da ke hana a matse hannunta yana nan da hatiminsa na roba, tiyo ba tsaga. A jikin takardar an rubuta ABC, ma'ana tana cin wutar itace da takarda da tufa, da ta fetur da dizal, da ta iskar gas. Akwai kuma wata lamba da mutane ba sa kula da ita, wadda harafin A ke bi. Idan ka ga 34A, nufinsa a gwaji ta kashe tarin katako mai tsawon mita 3.4. Tukwane biyu na iya zama girma ɗaya amma lambar nan ta bambanta ƙwarai, saboda sinadarin da ke cikin hodar wata ya fi na wata yawa. Lambar ake saye, ba jan launi ba.

Matsalar tana wajen nauyi. Kilo 9 ɗin nan nauyin hoda ne kaɗai. Da ƙarfen da kanta, tukunyar takan kai kilo 13 zuwa 14. Yawancin malaman ajujuwan ƙasa mata ne, kuma da dare manyan da ke kusa da ɗakin kwana su ne malamin hadda da maigadi, sai yara 'yan shekara sha biyu zuwa sha huɗu. Ɗaukar kilo 14 da hannu ɗaya, a riƙe tiyo da ɗayan, cikin firgici, ba ƙaramin aiki ba ne. Mai kilo 6, wadda gaba ɗayanta ba ta wuce kilo 9 zuwa 10 ba, ita ta dace da sama da kuma ɓangaren kwana. Shagon ya ce babbar ta fi riba ga mai saye. A lissafin kuɗi haka ne, amma bambancin lokacin feshi tsakaninsu 'yan sakan ne. Duka biyun cikin sakan 15 zuwa 20 suke ƙarewa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki idan suka gwada.

Sai kuma saka hoda a ƙofar ɗakin kwana ba tare da ruwa ba. Hoda tana danne harshen wuta nan take, amma ba ta sanyaya abin da ke ci. Katifar soso da bargo da tarin kayan sawa suna riƙe zafi a ciki, ka ga kamar ta mutu, bayan minti biyar ta sake tashi. Ban da haka, in aka fesa hoda a rufaffen ɗaki, farin ƙura ke turnuƙe wurin, ba ka ganin ƙofa, mai asma kuma numfashinsa ya sarƙe. Abin da ya dace da ɗakin kwana shi ne tukunyar ruwa ko ta kumfa mai lita 9, ko a ƙalla duro cike da ruwa da murfinsa da bokiti biyu a bakin ƙofa, a kuma koya wa kowa cewa sai an kashe wutar lantarki daga babban makunni kafin a watsa. Hodar ta fi amfani a rumfar janareto da baranda. Ya kamata shagon ya faɗi wannan tun ranar awo, domin suna da tukunyar ruwan a kanta, ba a dai tambaya ba ne, su kuma ba su ce ba.

Wajen kafawa sun yi abu ɗaya da ya cancanci a yaba musu. Hedimasta ya nemi a tara tukwanen a ofishinsa saboda yara masu ƙiriniya, kada su zare fil su yi wasa da su. Babban ma'aikacin shagon ya ce, "Ranka ya daɗe, in ta tashi da ƙarfe biyun dare, wa zai je gidanka karɓo makulli?" Aka bar su a baranda. Sai dai don a faranta wa hedimastan, aka ɗaga su sama har sai mutum ya miƙa hannu. Tukunya mai nauyi irin wannan, hannunta kada ya wuce mita ɗaya daga ƙasa, don a zare ta da kafaɗa a sake. In ana tsoron yara, akwai akwatin ƙarfe mai murfin da ake buɗewa ba makulli, ko jakar roba ja da ake sa mata. Kuma biyu daga cikin maratayan da ƙusar kankare aka buga su a bulo mai rami. Ƙusa a irin wannan bulo tana sassautawa a hankali, wata rana tukunyar ta faɗo kan ƙafar yaro. A huda da na'ura, a sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a rami, da sukuru mai kauri guda biyu, a wurin da bulon yake da ciko.

Tukwanen iskar kabon biyu, masu baƙin tambari da baki kamar kakaki, an aje su inda ya dace: ɗaya a ƙofar ɗakin kwamfuta, ɗaya kusa da akwatin wuta da batiran sola. Ba sa barin datti, saboda haka ba sa lalata kwamfuta yadda hoda ke yi. Abu uku ne ya wajaba mai amfani da su ya sani, kuma ɗaya kawai aka faɗa wa malamai. An faɗa musu kada su riƙe kakakin da hannu, domin sanyinsa yana ƙona fata. Ba a faɗa musu cewa ba ta da amfani sosai kan takarda da katako ba, ko a fili inda iska ke kwashe ta. Ba a kuma faɗa musu cewa bayan an fesa a ƙaramin ɗaki a fita nan da nan ba, domin tana korar iskar da ake shaƙa. Wannan tukunya ba ta da agogo. Sikeli kaɗai ke nuna ko tana cike. Ana duba nauyin da aka buga a wuyanta, in abin da ke ciki ya ragu da kashi goma cikin ɗari, a kai ta ciko.

Ciko shi ne inda shagon nan ya yi wa takwarorinsa fintinkau, kuma saboda shi ne muke ganin a ci gaba da hulɗa da su. A bayan shagon suke aikin, a gaban mai kaya in yana so ya tsaya. Suna fara sauke iskar, su kwance kan, su juye hodar a mazubi mai tsabta su tankaɗe ta. In ta dunƙule kamar garin da ya sha ruwa, zubarwa suke, ba sa murmushe ta su mayar. Su haska cikin tukunyar da tocila don neman tsatsa, su hura 'yar bututun da ke ciki da tiyon don kada su toshe, su canza zoben robar da ke wuya. Sannan su auna hoda a sikeli, su ɗaure kan, su cika da iskar naitirojin har allura ta shiga kore, su shafa ruwan sabulu a wuya da gindin agogo su ga ko zai yi kumfa. Daga ƙarshe sabon hatimi, da kati mai kwanan wata da sa hannu.

Kowane mataki a nan akwai inda maha'inta ke yanke hanya. Wani da injin hura taya yake cikawa. Iskar injin tana da laima, cikin 'yan watanni hodar ta zama dutse, allura tana kore abinta, ranar buƙata ka matsa sai huci kawai. Wani yana gauraya hodar ABC da mai arha ta BC, alhali sinadaran biyu ba sa jituwa, suna dunƙulewa su kuma haifar da iskar da ke ƙara matsi a cikin tukunya. Wani ma goge tukunyar kawai yake da tsumma ya manna sabuwar takarda. Shi ya sa duk wanda zai kai ciko ya sa wa wuyan tukunyarsa alama da fenti, ya ga ko an kwance ta da gaske. Abin da muka rasa a wannan shago shi ne aron tukunya. Idan suka kwashe na makaranta don ciko, kwana biyu ko uku wurin yana zama wayam. A rubuta a yarjejeniya cewa ko su bar na aro, ko su riƙa ɗauka rabi-rabi.

Ƙararrawar hayaƙin masu batir ne, irin mai ido da ke gane hayaƙin abin da ke ci a hankali, kuma ita ce ta dace da ɗakin katifu. Ƙararta ta isa ta tashi mai nauyin barci a cikin ɗakin. Kafawar ce aka yi da gaggawa. Ɗaya tana dab da fanka, inda iska ke kore hayaƙi kafin ya kai gare ta. Wata an liƙa ta a kusurwar silin, inda iska ba ta zagawa, alhali ana son a bar aƙalla santimita 30 daga bango, tsakiyar ɗaki kuma ya fi. Ɗaya kuwa a cikin kicin aka sa ta. Duk ranar da aka soya manja sai ta yi ihu, kuma kowa ya san ƙarshen irin wannan: mai girki za ta gaji ta sa a cire batirin. Kicin na'urar jin zafi yake so, ba ta hayaƙi ba. Akwai wasu abubuwa biyu na nan gida da takardar kamfani ba za ta gaya maka ba. Ƙurar hunturu tana shiga idon na'urar ta sa ta kuka ba dalili, don haka a riƙa kaɗe ta da busasshen buroshi duk wata a lokacin sanyi. Batirinta mai kusurwa huɗu kuma shi ne irin wanda wasu makirfo na hannu ke ci, kuma makarantar da ke da musabaƙa da wa'azi ba a rasa mai cewa ara zai yi ya dawo da shi. Mai batirin shekara goma da aka rufe a ciki ta fi tsada, amma ta kawar da wannan. Sannan ƙararrawar ɗakin yara ba ta jiyuwa sosai a ɗakin malaminsu idan ƙofa na rufe. Akwai masu haɗin kai, in ɗaya ta yi duka su amsa. Su ya kamata a sa a ɓangaren kwana.

Kada kuma wani ya ɗauka ƙararrawar nan za ta kare yara daga kaskon garwashi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ƙararrawar hayaƙi ba ta jin ta. Yaro ya kwanta da ciwon kai, shi ke nan. Maganinsa a dafa wa yara ruwan wanka da na alwala a kicin da asuba a babbar tukunya, a ƙara musu barguna. Muddin ba a yi wannan ba, kasko da hita za su dawo ɗaki komai tsananin doka.

A kicin, bargon yana bakin ƙofa, ba saman murhu ba, kuma haka ake so, don kada sai an ratsa wuta kafin a ɗauko shi. Mai in ya kama, a kashe gas, a naɗe gefen bargon a hannu, a rufe tukunyar girkin a hankali, a bar ta kamar rabin awa ba leƙe. Ruwa a kan mai mai ci fashewa yake ya watsu har silin. Tukunyar gas ɗin dai tana ciki dab da murhu, kuma ba wanda ya ce komai. A fitar da ita waje cikin keji mai shan iska, a tsaye, a ratso da tiyo ta bango, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe ba da robar taya ba. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, ba da ashana ba.

Yanzu ga babban giɓin. Ƙofar kowane ɗakin kwana ɗaya ce, ciki take buɗewa, kuma da dare ana sa mata kwaɗo ta waje. Tagogin duka an yi musu ƙarfe an kafe shi cikin siminti. Ba za a zargi makarantar da mugun nufi ba. Tun sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014 hankalin kowa ya koma kan katanga da ƙarfe da kwaɗo, kuma da dalili. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, Abuja ta karɓi baƙuncin babban taronta na huɗu a Oktoban 2021, a 2023 kuma aka buɗe cibiyar tsaron makarantu ta ƙasa a ƙarƙashin hukumar Sibil Difens. Amma ƙarfen da ke hana ɓarawo shiga shi ne ke hana yaro fita. Yara talatin in suka ruga ƙofa lokaci ɗaya cikin duhu da hayaƙi, na baya suna danna na gaba a jikin ƙyaure, ƙyauren da ke buɗewa ciki ba zai motsa ba ko da ba kwaɗo. Tukunya shida ba sa maganin wannan.

Gyaran aikin mai walda ne na kwana biyu. A juya ƙyauren ya riƙa buɗewa waje. A cire kwaɗon waje, a sa sakata ta ciki wadda yaro ɗan shekara bakwai zai iya zarewa da hannu ɗaya, babba kuma ya riƙa kwana a cikin ɗakin ko a jikinsa. A kowane ɗaki a yanke ƙarfen taga ɗaya, wadda ta fi nisa da ƙofa, a mayar da shi mai buɗewa kamar ƙyaure, da sakatarsa ta ciki a inda hannu daga waje ba zai kai ba, a riƙa ɗiga mata mai saboda damunar Jos tana sa ƙarfe ya cije. Benen kuma yana buƙatar matakala ta biyu ta ƙarfe a ɗaya ƙarshen barandar. Shagon zai ce shi ba mai walda ba ne. Gaskiya ne, amma wanda ya zo da tef ya auna baranda, ya wuce ta wannan ƙofa sau goma, ya kamata ya rubuta ta a saman rahotonsa kafin ya rubuta kuɗin tukunya.

Haka nan wayoyin wuta, waɗanda su ne marigayin ya fi sa wa ido. Ba sa cikin aikin da aka ba shagon, amma iyalan su sani cewa yawancin soket ɗin ɗakin kwana da siririyar wayar fitila aka ja su, mai kauri 1.5, alhali soket 2.5 yake so. Hita ɗaya mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, biyu a layi ɗaya sun isa su sa waya ta ɗau zafi sosai a cikin silin inda ba mai gani. A sa mai gyaran wuta na ƙwarai ya raba layukan, ya sa wa kowane bireka daidai da kaurin wayarsa, ya ƙara na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa, mai lamba 30, ya kuma duba sandar da aka binne a ƙasa. Lafiyar ginin kanta kuma aikin injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ne. Jos ba ta manta da Juma'ar 12 ga Yulin 2024 ba, ranar da benen makarantar Saints Academy da ke Busa Buji ya rufta ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Tsaga mai tafiya a karkace daga kusurwar taga, ko dakin kankare da ya yi ciki, ko rodi da ya fito yana tsatsa, ba a rufe su da filasta a ce an gyara.

Koyarwar an yi ta ranar Asabar da hantsi, ba ta kai awa ɗaya ba. Aka zuba ɗan dizal a kan ruwa cikin rabin duro aka kunna. Ma'aikacin ya nuna matakan daidai: a tsaya kamar taku uku daga wutar, iska na bayanka, hanyar fita ma na bayanka, a murɗa fil a zare, a saita bakin tiyo a gindin wutar ba harshenta ba, a matsa, a riƙa sharawa hagu da dama. Wata malamar aji biyu ta karɓa, ta matse hannun tukunyar tun kafin ta zare fil ɗin, sai ya ƙi fita, tana ja yana cijewa. Ma'aikacin ya ce, "Malama, aje ta ƙasa, saki hannun, yanzu ja." Ya fita salin alin, ta kashe wutar cikin 'yan sakan, yara suka ɗau tafi. Wannan kuskure shi ne wanda kusan kowa ke yi karon farko, kuma ba a gane shi sai an riƙe tukunyar. Amma mutum uku kaɗai suka gwada cikin kusan ashirin, don a tsimi hoda. Maigadin dare da mai girki, waɗanda su ne suka fi kowa kusa da inda wuta ke tashi, ba a ma kira su ba.

Ba a kuma yi atisayen fita ba, wanda shi ya fi feshin muhimmanci. Tukunya ta ƙaramar wuta ce da ba ta wuce girman kwandon shara ba. In ta kama silin, aikin da ya rage shi ne fitar da yara. Ana buƙatar bugun ƙararrawa na daban da na tashi, wanda ba ya tsayawa. Kowane aji ya san hanyarsa, na sama su sauko layi ɗaya ta gefen bango, ba komawa ɗaukar jaka ko takalmi, in akwai hayaƙi a sunkuya ƙasa. A taru a fili nesa da gini da kuma bakin get, don kada a tare wa motar 'yan kwana-kwana hanya. Malami ya fito da rajista ya kira suna ɗaya bayan ɗaya. A yi wannan sau ɗaya kowane zango, na ɗakin kwana kuma a yi shi da dare, fitila a kashe. Lambar gaggawa ta 112 da ta ofishin kashe gobara mafi kusa a rubuta su da fenti a bangon ɗakin maigadi. Akwatin agajin yana da bandeji da auduga da safar hannu, amma ba wanda ya yi bayanin ƙuna. Ruwa mai sanyi na famfo ko na buta, minti 20 ana zubawa, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba ƙanƙara. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta fuska da hannu da gaba, a wuce da shi asibiti kai tsaye, ko Jankwano, ko asibitin ƙwararru na jiha, ko na koyarwa da ke Lamingo.

Kuɗinsu ya ɗara na masu talla a bakin titi, kuma ya cancanta. Rasit ɗinsu yana ɗauke da lambar kowace tukunya, sun kuma rubuta cewa za su dawo dubawa bayan shekara. Wanda zai ba su irin wannan aiki ya sa sharuɗɗansa a takarda tun farko: rahoton ƙofofi da tagogi kafin a sayi komai, tukwane masu kilo 6 da na ruwa a ɓangaren kwana, kowane ma'aikaci ya fesa da hannunsa ko da za a biya kuɗin ciko biyu, da atisaye ɗaya na rana ɗaya na dare a gabansu.

Shagon ya so ya buga sunan marigayin a farantin ƙarfe a bakin matakala. Hajiya ta ce a bar sunan, a rubuta kawai a yi wa mai wannan sadaka addu'a, haka kuwa aka yi. Autan gidan ne ya karɓi duban wata-wata. Ranar Asabar ta farkon kowane wata zai duba allura da fil da hatimi, ya kifa kowace tukunyar hoda ya kara kunne ya ji hodar na zubowa kamar yashi, ya danna maɓallin kowace ƙararrawa, ya sa hannu a kati. Babban yayansu kuma ya riga ya yi magana da mai walda, an tsayar da cewa za a juya ƙyauren ɗakunan kwana a yanke ƙarfen tagogin kafin sanyin Disamba ya shigo.